Babban da Ya Miƙa wa Yaro Ƙwaya Bai Cancanci Zaɓin Tara Ba

Ranar 9 ga watan Mayun 2024 zauren Majalisar Dattawan Najeriya ya kaure da hayaniya. Ana cikin nazarin gyaran dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ne, sai Sanata Ali Ndume ya kawo shawarar a ɗaga hukuncin masu safarar miyagun ƙwayoyi daga ɗaurin rai da rai zuwa kisa. Mataimakin shugaban majalisar, Barau Jibrin, ya nemi jin ra'ayin sanatoci, ya ce masu goyon baya sun rinjaya, ya buga guduma. Sanata Adams Oshiomhole ya miƙe yana ƙorafin cewa maganar rai ba a yi mata gaggawa haka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga baya, da aka zo daidaita matsayin majalisun biyu, aka janye kisan aka koma kan ɗaurin rai da rai. A watan Yunin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa wa ƙudurin hannu, saboda wani sashe da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da ta ƙwace.

An shafe watanni ana ja-in-ja a Abuja kan kisa ko ɗauri, kuma hankalin kowa yana kan manyan dilolin da ke shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Abin da ke hana uba barci a Jahun ko Haɗejia ya fi wannan kusa da ƙofar gida. Shi tambayarsa ita ce: wannan mutumin mai gemu, mai mata da 'ya'ya, da ya karɓi kuɗin yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya ɓalle masa ƙwaya biyu daga kati, me doka ta tanadar masa, kuma me ya sa ake ganinsa a bakin shagonsa bayan mako biyu da kama shi?

Wannan mutumin ya kamata a tsananta wa. A tsananta masa fiye da wanda ya sayar wa baligi ɗan'uwansa, a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a doka, a kuma toshe masa ƙofar biyan tara.

Wanda ya san fadamun Kogin Haɗejia, daga Harbo a ƙasar Jahun zuwa Miga, Kafin Hausa da Auyo, ya san irin aikin da ake yi a wurin. Lokacin dashen shinkafa mutum zai wuni a duƙe, ƙafa cikin taɓo, rana tana dukan ƙeya. Lokacin yanka da bugu kuma sai a haɗa da dare. Ana biyan 'yan ƙwadago gwargwadon abin da suka gama, kuma da yawa daga cikinsu yara ne da suka tsallake aji ko almajiran da suka fito neman na sabulu. A irin wannan wuri Tramol ba da sunan kayan maye yake shigowa ba, da sunan maganin gajiya yake zuwa. Kati ne mai ƙwaya goma, amma ba a sayen katin gaba ɗaya. Ɗaya ake ɓallewa, ko biyu, a jefa cikin shayi ko lemon kwalba da sassafe. Yaro ya sha ya ji bayansa ya daina ciwo, ya gama kadadar da jiya ta gagare shi. Bayan wata guda ɗaya ba ta isarsa. Bayan wata uku, ranar da bai samu ba jikinsa na rawa, hanci na zuba, ba ya iya ɗaga lauje. Wani lokaci ma babban da ya ɗauko su aikin ne ke raba musu, don a gama masa gona da wuri. Haka ɗan siyasa ke yi da yaran da yake tarawa lokacin yaƙin neman zaɓe, kuma duk garin an san da haka.

Tramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa mai 225 ne, wani ma 250, kuma yawan shansa na jawo farfaɗiya. A watan Satumban 2022 jami'an NDLEA sun fito da irin wannan mai 225 fiye da miliyan 13 daga wani katafaren gida a rukunin gidajen Victoria Garden City da ke Legas. Gida ɗaya kenan.

Jigawa ta daɗe da jin sunanta a wannan magana. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa, adadin da aka yi ta maimaitawa har ya zama kamar karatu. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim kan yadda ruwan maganin tari mai kodin ke fita daga kamfanoni ta bayan fage, kuma a ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya hana haɗa shi da shigo da shi. Binciken ƙasa baki ɗaya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga a kan shekarar 2017 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin su Tramol da kodin suke sha ba bisa umarnin likita ba. Kano ta tashi da kashi 16 cikin ɗari, Jigawa da kashi 7. Wani zai ga kashi 7 ya yi hamdala. Sai dai binciken daga ɗan shekara 15 ya fara ƙirga, don haka yaron dashen shinkafa mai shekara goma sha uku bai shiga lissafin ba.

Hana kodin bai kashe kasuwar ba, kaya kawai ta sauya. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da Tramol a 2018, sai aka koma wa wani haɗi na tapentadol da carisoprodol, mai sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, da ke tura wannan haɗi zuwa Afirka ta Yamma, haɗin da babu ƙasar da ta amince a sha shi a matsayin magani. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Indiya ta haramta shi. Duk lokacin da aka toshe wata ƙwaya, wadda ke maye gurbinta ta fi ta ƙarfi, kuma a ƙarshen wannan hanya fentanil yake.

Wani masanin haɗa magunguna ɗan Beljiyam, Paul Janssen, shi ya ƙirƙiro fentanil wajen 1960, kuma har gobe likitoci na amfani da shi a ɗakin tiyata da kuma ga masu ciwon daji. Ya fi hodar heroyin ƙarfi kusan sau 50, ya fi mofin kusan sau 100. Miligiram biyu, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba, na iya kashe mutum. Yadda yake kisa babu hayaniya: yana danne sashen ƙwaƙwalwar da ke umartar huhu ya ja iska, sai numfashi ya yi ta raguwa, leɓe ya yi duhu, wanda ke kusa ya ɗauka barci ne mai nauyi. A Amurka ire-iren fentanil sun kashe fiye da mutum dubu 70 a shekarar 2022 kaɗai, kuma a wannan shekarar ana rasa matasa 'yan shekara 14 zuwa 18 kusan 22 kowane mako sanadiyyar ƙwaya. Yawancinsu ba fentanil suka je nema ba. Ƙwayar jabu aka sayar musu mai kamannin maganin ciwo ko na barci, aka cusa shi a ciki. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta ce a 2023 bakwai cikin kowace goma na irin waɗannan jabun da ta gwada na ɗauke da adadin da zai iya kisa.

Abin ba can nesa ya tsaya ba. NDLEA ta yi gargaɗi a ƙarshen 2022 cewa ana ƙoƙarin shigo da fentanil Najeriya, a 2023 kuma ta kama masu sayar da shi a kasuwar magani ta Ogbogwu da ke Onica. A Saliyo, inda Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙwaya a watan Afrilun 2024 saboda abin da suke kira kush, gwajin da aka yi ya nuna akwai sinadaran nitazin a ciki, waɗanda wasunsu sun fi fentanil ɗin ma ƙarfi. Kasuwar da ta saba sayar wa yaro ƙwaya ɗaiɗai ba tare da kwali ko takardar likita ba ta riga ta shirya wa irin wannan kaya. Hanyar da Tramol ke bi daga Onica ko Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa kasuwar Gujungu ko Maigatari a bakin iyakar Nijar, ita jabun zai bi, kuma yaron da ke karɓa a tafin hannu ba shi da yadda zai bambance.

To, me doka ta ce yanzu? A takarda ba ta da sassauci ko kaɗan. Dokar NDLEA, wadda ta samo asali daga doka ta 48 ta mulkin soja a 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar ibilis, heroyin da makamantansu ko mai sayar da su, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su a hannu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 25, ta ce duk wanda ya jefa yaro cikin shan ƙwaya ko safararta ɗaurin rai da rai ne hukuncinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin ƙwayoyi, wadda Najeriya ta amince da ita, ta lissafa cutar da ƙananan yara da yin ciniki a kusa da makaranta cikin abubuwan da ke ƙara wa laifi nauyi.

Mai karatu zai ce, to ai magana ta ƙare, me kuma za a ƙara a kan rai da rai? A nan gizo ke saƙar. Abin da ke fitowa daga kotu ya sha bamban da abin da ke cikin littafi. Dila ya amsa laifi, lauya ya roƙi sassauci, alƙali ya yanke 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu tare da zaɓin biyan tara, uban gidansa ya biya kafin la'asar. Ita kanta NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa da ke shugabantarta tun Janairun 2021, ta sha kokawa da wannan zaɓin tara tana neman a cire shi. Ga mai sayar da ƙwaya tara kuɗin haya ce kawai, yana lissafa ta cikin jarinsa kamar yadda yake lissafa kuɗin mota. Kuma a takardar tuhuma abin da ake aunawa nauyin kayan ne: giram nawa, kati nawa. Wanda aka kama da kati ashirin yana sayar wa manyan direbobi da wanda aka kama da kati ashirin a bayan katangar makarantar sakandare duk layi ɗaya suke bi.

Gyaran da ake buƙata ke nan. Sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 ƙwayar maye, ko ba shi kyauta, ko biyansa ladan aiki da ita, ko aikensa ya kai wa wani, ya zama laifi mai zaman kansa, da mafi ƙarancin shekarun ɗauri da alƙali ba zai sauka ƙasa da su ba, babu zaɓin tara. Idan yaron ya mutu ko ya sami taɓin hankali, hukuncin ya ƙaru. Idan mai laifin mai kyamis ne, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta soke lasisinsa har abada, kada ya koma wani gari ya buɗe da sunan ƙaninsa. Amurka ta daɗe da irin wannan tanadi: dokar tarayyarta tana ninka hukuncin baligin da ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21, tana kuma ninkawa ga wanda ya yi ciniki cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta.

Dalilin bambancin a fili yake. Baligin da ya sayi ƙwaya ya cuci kansa da saninsa. Yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba sai ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa, ya fi wahalar rabuwa da ita. Dila ya san wannan sarai, shi ya sa na farko yakan zama kyauta. Malaman fiƙihu sun sa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini, rai, zuriya da dukiya. Wanda ya lalata hankalin ɗan wani don ribar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba ya taɓa kusan dukkansu a lokaci ɗaya.

Amma akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Najeriya ta taɓa gwada mafi tsananin hukunci. A watan Afrilun 1985, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, an harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya ƙarƙashin doka ta 20 ta 1984, wadda aka mayar da aikinta baya ta kama laifin da aka yi kafin a kafa ta. Fataucin bai tsaya ba. Shekarun da suka biyo baya ne ma ya bunƙasa, har aka kafa NDLEA. Amurka ita ma a 1986 ta yi dokar da ta sa giram ɗaya na wani nau'in hodar ibilis ya jawo hukunci daidai da na giram 100 na ɗan'uwansa, ta cika gidajen yari da talakawa baƙaƙen fata, sai a 2010 ta rage bambancin. Masu nazarin laifuka sun daɗe da lura cewa tabbacin za a kama mutum a hukunta shi ya fi tsawon hukuncin hana shi aikata laifi. Shekara bakwai da dila ya tabbata zai yi ta fi rai da rai da ya san ba za ta taɓa hawa kansa ba. Saboda haka neman kisa ɓata lokaci ne. Ya fi daɗin faɗa a gaban kyamara, ya fi wuyar aiwatarwa, kuma yana sa alƙalai da shaidu su ja da baya.

Akwai wani tarkon kuma. A wasu jihohin Amurka dokokin da aka yi don manyan diloli sun ƙare a kan abokan mamaci, waɗanda suka haɗa kuɗi suka saya tare suka sha tare. Idan aka rubuta dokar da gaggawa, ɗan shekara goma sha tara da ya raba ƙwaya da abokinsa ɗan sha bakwai shi zai tafi kurkuku, mai shagon da ya sayar musu yana nan yana kaɗa ƙafa. Dole dokar ta bambance mai cin riba da mai iko a kan yaro, wato dila, mai kyamis, mai gona, uban daba, da ɗan'uwan shan da shi ma magani yake buƙata. Yaron da aka samu da ƙwaya kuwa wanda aka zalunta ne, kuma shi ne babban shaida. Wurinsa asibiti, irin na masu taɓin hankali da ke Kazaure ko na tarayya da ke Dawanau a Kano, ba ɗakin 'yan sanda ba, ba kuma gidan mari ba, inda samamen da aka kai a Kaduna da Daura a 2019 ya nuna wa duniya sarƙa da tabon bulala. Haka nan duk wanda ya ɗauko abokinsa da ya suma ya kawo asibiti bai kamata ya ji tsoron kamu ba, don wannan tsoron ne ke sa a bar yaro a kango har ya cika.

Jihar Jigawa tana da abin yi ba sai ta jira Abuja ba. Gaskiya ne kundin tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwayoyi da guba a hannun tarayya, shari'arsu kuma a Babbar Kotun Tarayya, wadda tata ke Dutse. Shaidan da zai taso daga wani ƙauyen Guri ko Kiri Kasamma ya zo zaman kotu sau biyar ana ɗagawa zai gaji ya bari. Amma kare yara hurumin jiha ne. Gwamnan lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya sa hannu kan dokar kare yara ta jihar a watan Disamban 2021, kuma ta wannan ƙofa majalisar dokokin jiha za ta iya fayyace laifin ba yaro kayan maye, ta yadda kotunan jiha da ke kusa da jama'a za su saurare shi. Wannan zai kama har abubuwan da ba sa cikin jerin haramtattun ƙwayoyi, irin su sholisho da mai faci ke sayar wa yaro yana kallon idonsa, alhali ya san ba keke gare shi ba.

Kano ta nuna ana iya taɓa 'yan magani idan an so. A watan Fabrairun 2024 hukumomi sun rufe shagunan magani fiye da dubu a yankin Sabon Gari, aka tilasta wa dilolin komawa cibiyar Dangwauro inda ake iya sa musu ido. Kaya da yawa da ke kan kantocin Jahun da Haɗejia daga can suke tasowa, don haka bin sawun kati daga shagon ƙauye zuwa wanda ya sayar da katan ba abu ne mai wuya ba idan akwai rasit.

Jahun kuma tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitocin karkara, akwai babban asibitin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a sashen haihuwarsa tun 2008, wanda ya sa mutanen yankin suka saba kawo mara lafiya cikin dare. Akwai allura mai suna naloksan da ke farfaɗo da numfashin wanda ƙwaya irin fentanil ta danne cikin 'yan mintuna, ba ta da tsada, kuma koyon amfani da ita ba ya ɗaukar wuni guda. Ya kamata kowane ɗalibin kwalejin ya fita da sanin alamomin, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi ƙasa, mutum ba ya amsa kira, kuma kowane asibitin mazaɓa ya ajiye allurar a kabad. Takardar da ma'aikacin lafiya zai rubuta a daren, da shekarun yaron da abin da aka samu a aljihunsa, ita ce hujjar farko da mai gabatar da ƙara zai riƙe.

Sauran aikin na shaida ne, kuma nan ne ya fi wuya. A gari irin Aujara ko Harbo mai sayarwar ba baƙo ba ne: ɗan maƙwabci ne, surukin wani ne, yana sahun gaba a masallaci. Uban da ya kai ƙara zai wayi gari da dattawa a zaurensa ana ba shi haƙuri, ana tuna masa zumunci. Idan dokar ba ta ba da damar ɓoye sunan mai kai rahoto ba, ba ta bar yaro ya ba da shaida a keɓe ba tare da ya fuskanci dilan ido da ido ba, ba ta kuma hana janye irin wannan ƙara da sunan sulhu ba, to mai unguwa da dagaci za su ci gaba da kashe maganar a zaure, fayil ɗin ba zai isa gaban alƙali ba.